Maganin da Ya Hana Baba Tsayuwa a Sahu

Zuciyar mahaifina ta fara gajiya bayan ya daina zuwa kasuwar shanu. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ya kwanta numfashi ya gagare shi. Ni na kai shi asibiti, ni na yi tafinta, don duk daɗewarsa a Kumasi bai riƙe yaren Twi ba.

Likitar ta rubuta masa wata ƙwaya. Ta ce tana buɗe jijiyoyi, jini ya samu hanya, zuciya ta huta da turawa da ƙarfi. Baba ya ce in tambaye ta yadda aka sani. Ta ce a jikin dabbobi aka fara gwadawa, ɓeraye da karnuka da tumaki masu raunin zuciya, aka ga jininsu yana gudana da sauƙi. Sai dai in Baba ya miƙe da sauri jini zai taru a ƙafa, jiri ya ɗebe shi.

"Su tumakin ba sa jiri?" in ji Baba, na fassara mata.

Ta yi dariya, ta ce ƙafa huɗu gare su, kansu bai yi wa zuciya nisa ba.

"Kuma ba sa sujada," in ji Baba.

Maganin ya yi aiki. Kumburin ya saɓe, Baba ya koma barci a kwance. Amma shi tun ina yaro a sahun farko yake salla, daidai bayan liman. Wata la'asar yana tasowa daga sujada ya faɗa kan na kusa da shi, wani tsohon mahauci abokinsa.

"Alhaji, ni ba bango ba ne," in ji mahaucin yana riƙe da shi. "Gobe ka faɗa ta wajen mai ƙiba."

Liman ya ce Baba ya yi sallar a zaune, addini ya yarda. Aka kawo kujerar roba. A masallacinmu kujeru a ƙarshen sahu ake jera su, gefen ƙofa, wajen takalma, don kada su karya layi. Baba ya dube ta, ya ce a ba wanda ya tsufa.

Da farko ranar Juma'a kaɗai yake ƙin shan ƙwayar. Daga baya sauran ranakun suka bi. Bai ɓoye ba. Na roƙe shi, ya ce, "Na ji, ɗana. Na san abin da nake saye da abin da nake sayarwa." Na koma wajen likitar, ta rage ƙarfin maganin, ta sauya lokacin sha. Jirin ya ragu, bai tafi ba. Ya sake ajiyewa.

Kumburin ya dawo, ya hau har gwiwa. Hanyar masallaci da ba ta kai jifa ba, sai ya tsaya ya dafa katanga. Haka ya yi ta sallarsa a tsaye har makon da aka kwantar da shi a asibiti. Bai fito ba. Allah ya jiƙansa.

Likitar ta ce da ya ci gaba da sha, wataƙila da ya ƙara kwana. Ba ta ce nawa ba, ni ma ban tambaya ba.