Ciyawar Inna Ismay

Kowace safiya maƙwabciyata, Inna Ismay Furbert, takan ɗauraye kofin shayinta, ta tara ruwan a kwano saboda wata ciyawa da ke gindin katangarta. Siririya ce mai laushin ganye, kuma a nan tsibirin Bermuda kaɗai take tsirowa. Bana ruwan sama ya yi jinkiri. Tankin da rufin gidansu ke cikawa ya kusa ƙafewa, ciyawar ta soma yaushi.

Mijinta Eldon ya ce, "Tsohuwa, muna wanka da rabin bokiti, ke kina shayar da ciyawa?"

Ta ce, "Irinka, tsoho, kowane tsibiri akwai goma. Ita kuwa in ta mutu a nan, shi ke nan."

Ta juye ruwan shansa a kwanon, ta fita a hankali don kada ya zube.