Ƙafar Jar Motar Alhaji Zayyanu

Cindo bakanike ne a Bagudo, ya yi furfura a ƙarƙashin motocin da ke ɗaukar albasa zuwa iyakar Benin, amma bai taɓa sa hannu a motar tsere ba sai ranar da Alhaji Zayyanu, mai shagon magani, ya kawo tasa. Tsohuwa ce ja mai kujera biyu. A Benin ya sayo ta, ya tuƙo ta da kansa, matarsa Hajiya Safina a gefensa.

"Ƙafar gaba ke ɗan ƙara, duba min," in ji Alhaji.

Cindo ya ɗaga ta da jak ya shiga ƙasa. Yana ɗora sifana a kan notin da ke riƙe da ƙafar, kan notin ya faɗo masa a ƙirji. Tsatsa ta cinye shi. Na biyun da yatsa ya karya shi.

Ya fito yana salati. "Alhaji, da wannan kuka hau gadar kogin Kwara?"

Alhaji ya zauna a kan taya.

Cindo ya sauya notocin duka da sababbi daga Birnin Kebbi. Hajiya kuwa har yau ba ta sake shiga motar ba.