Bandir Biyu na Pa Nino

A unguwarmu ta Ela Nguema, gangaren nan da ke kallon teku a Malabo, in ka ce kana neman Saturnino sai a yi ta kallonka. Ka ce Pa Nino mai gyaran injin kwalekwale, nan take za a nuna maka rumfar da ke gindin mangwaro. Gajere ne, mai gwamen ƙafa, hannuwansa baƙi ƙirin da mai, ko ranar Lahadi a coci haka suke.

Mutumin Annobon ne, tsibirin da ke can ƙarshen ƙasa, wanda jirgin ruwa ke kwana uku kafin ya kai. Yana ɗan shekara goma sha bakwai aka kwaso samarin tsibirin aka kawo su aikin gonar koko, a zamanin da dattawa ba sa so a tuna musu. Sau ɗaya tak ya koma, da mahaifiyarsu ta rasu, shi ma ya tarar an yi wata biyu da binne ta. Da gonakin suka mutu sai ya gangaro bakin ruwa ya shiga kamun kifi, sana'ar da aka haife shi a cikinta.

Yana cikin haka Turawa suka gano mai a ƙarƙashin teku. Aka kakkafa ƙarafa a tsakiyar ruwa, aka ce kada masunci ya kuskura ya matso. Shi kuwa kifi, ɗan rainin wayo, sai ya tattara ya tare a gindin ƙarafan. Dole masunta suka koma yin nisa, nisa sai da inji, inji kuma ba ya rabo da ciwo. Pa Nino ya kwance na farko don ya ga abin da ke ciki, ya mayar, ƙusa biyu suka rage a hannunsa, amma injin ya tashi. Tun daga ranar bai sake jefa koma ba. Ya kan ce arzikin mai ya zo masa shi ma, sai dai ta bayan gida ya shigo.

Kuma a gaskiya bai da ƙorafi. Matarsa Ma Puri, 'yar ƙabilar Bubi daga garin Rebola, tana soya kifi da ayaba a bakin titi, bakinta ya fi barkononta zafi, shekara talatin da wani abu suna tare. 'Yarsu tana aikin jinya a Bata, ɗansu yana tuƙa babbar mota. Da la'asar Pa Nino zai wanke hannu gwargwadon yadda zai wanku, ya zauna da kofin bamminsa yana kallon sababbin benaye masu gilashi da ba kowa a cikinsu, ya ce Allah ya ba masu su lafiyar hawa. In an zo zaɓe shi ne na farko a layi, ya dangwala ya dawo rumfarsa. In hira ta karkata wajen siyasa sai ya ja igiyar inji, ƙara ta cika wurin, kowa ya tuna cewa baki shi ke yanka wuya.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Yayarsa Ma Tika ita kaɗai ta rage a gidan mahaifiyarsu a garin Pale, can Annobon, rufin gidan kuwa gishirin teku ya gama cinye shi. Pa Nino ya sayi kwano bandir biyu da ƙusoshi, ya jingina su a ɗakin kwanansu, yana shafa wa gefunan baƙin mai don kada tsatsa ta kama. Sau biyu yana ɗaukar hayar mota ya kai su tashar jirgin ruwa, sau biyu yana dawowa da su. Jirgin ba kullum yake tafiya ba, in zai tafi kuma siminti da kayan manya sun riga sun cika shi, kayan talaka sai da takarda mai hatimi. A ƙasar nan hatimi ma yana da dangi, Pa Nino kuwa ba danginsa ba ne. Shekara uku ke nan Ma Puri tana buga ƙafa da kwanon nan kowace safiya.

"Tsoho, ko dai ka rufa wa gadonmu ne mu huta?" ta kan ce.

"Bari dai. Sannu ba ta hana zuwa."

"Ta hana mana. Ga shaida nan ta yanke mini yatsa."

Maganar harshe kuwa, Pa Nino ya ga iri-iri. Yana yaro fada, limamin coci, ya sha zane shi a makaranta don ya yi yaren tsibiri a aji, aka dura masa Sifaniyanci da bulala har ya zauna. Daga baya aka kawo kuɗin sefa, can kuma rediyo ya ce Faransanci ya zama harshen gwamnati na biyu. Ya koyi ƙirge da shi, ya tsaya nan. A kasuwa kowa Pichi yake yi, wato Turancin buroka, 'yan sanda yaren Fang, Ma Puri in ranta ya ɓaci sai ta koma Bubi don ya san bai ji ba amma da shi ake. Ranar da rediyo ya ce an ƙara harshen Fotugal ya zama na uku, Pa Nino ya ɗago kai daga cikin inji ya tambayi masu jira ko akwai wanda ya taɓa ganin mai yin sa. Ba a samu ba, ya ci gaba da aikinsa.

Ashe da tsohuwar zuma za a yi magani. Wata safiya cikin watan tara, ana yayyafi, wata budurwa ta gangaro da takalmi mai tsini tana tsallake taɓo, da jakar takardu a ƙirji. Sunanta Ayingono, 'yar Fang ce, ma'aikaciya a wani ofishi da ke tarbar baƙi.

"Papa, ina kwana. Kai ne Pa Nino? An ce in kai ka kira mutanen Annobon za su zo."

"Za su zo mana, injinansu na hannuna. Wa ya mutu?"

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta ce baƙi za su zo daga ƙasashen da ke yin harshen Fotugal, kuma maigidanta ya ce lallai a samo 'yan ƙasa ashirin da za su tarbe su da harshen. Ta zaga ofisoshi kaf ba ta samu ko uku ba, sai wani ya ce mata yaren Annobon ɗan uwansa ne. Ta miƙa masa takarda mai layi uku na barka da zuwa.

Pa Nino ya goge hannu, ya karanta a hankali yana motsa leɓe. Ya ji wasu kalmomin kamar na addu'o'in da tsofaffin matan Pale ke rerawa a bayan gawa. Dangi ne, amma irin dangin da sai an zauna an yi lissafin kakanni. Ya tuna bulalar fada, abin ya so ya ba shi haushi, sai kuma ya ba shi dariya.

"'Yata, yaren nan an doke ni a kansa har na kasa zama. Yau kuma shi gwamnati ke nema?"

"Papa, ni dai aikina nake tsoro. Wata huɗu kawai na yi da samunsa. Za a ba kowa riga da hula, da abinci."

"Riguna masu hoton shugaban nan ina da bakwai, da su nake goge inji." Ya waiga ya rage murya. "Da cikinsu nake gogewa, ba wajen hoton ba, kada ki rubuta. Ke, kina da wani a tashar jirgin ruwa?"

"Kawuna yana can."

"Madalla. Zo ki ga wani abu."

Ya kai ta har ɗakin kwana ya nuna mata kwanon, Ma Puri na tsaye da matsami a hannu tana kallonsu. Ba a ja ciniki ba. Shi zai kawo mutum ashirin ya kuma yi jawabin da bakinsa, ita za ta kawo takarda. Suka tafa, ta fita da baƙin mai a tafinta.

Kwana tara bayan haka ta dawo da takardar, hatimi har biyu, da wurin fasinja ɗaya. Pa Nino ya riƙe ta da yatsa biyu don kada ya ɓata ta. Zai ga Tika. Shekara goma sha tara rabonsa da ita, har ya fara tunanin irin zanin da zai saya mata. Sai idonsa ya kai kan kwanan watan. Jirgin zai tashi ranar Alhamis da hantsi, baƙin kuma ranar Alhamis ɗin za su sauka.

Ayingono ta riga ta sani, shi ya sa ta ƙi haɗa ido da shi. Ta ce ta roƙi kawun, ya ce jirgi ba ya jiran kowa, kuma bai san ranar da wani zai sake tafiya ba. Kaya kuma ba sa hawa sai da mai su.

Masunta suka taru a rumfa kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Mafi yawa suka ce takarda na hannu, ya hau jirginsa, wa zai bi shi Annobon? Pa Nino bai ja igiyar inji ba wannan karon. Ya ce sunansa na kan takardar ofis, wanda kuwa aka rubuta bai zo tarbar baƙin gwamnati ba, ana tunawa da shi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, yarinyar nan ta cika nata, in ya gudu ita za a kora. Ya faɗi haka, amma ranar ko kifin Ma Puri bai iya ci ba. Yana son ganin yayarsa ƙwarai, kuma ya san shekarunta sun ja.

Ma Puri ta ɗauke kwanon abincin, ta tsaya a kansa.

"Ba ni takardar."

"Ki yi me da ita? Ke da ko kwalekwale ba ki taɓa hawa ba? In igiyar ruwa ta taɓa miki ƙafa sai unguwa ta ji."

"Na ce ba ni. Gara in yi amai kwana uku da in ƙara shekara uku ina tuntuɓe. Kuma ina so in ga matar da ta raine ka ta bar ka guntu haka."

Kawun Ayingono ya canja sunan ba tare da ya ɗago kai ba. Ranar Alhamis da sassafe masunta suka loda kwanon, Ma Puri ta hau da ƙullin rogo da carbinta na coci, ta ƙanƙame ƙarfen jirgin tun yana ɗaure. Pa Nino bai tsaya ganin tashinsu ba, motar ofis na jira.

A filin jirgin sama aka jera su ashirin cikin sababbin riguna, a bayan 'yan makaranta da masu ganga. Tun ƙarfe tara suke tsaye, yayyafi ya jiƙa su, rana ta fito ta busar da su, ya sake jiƙa su. Pa Nino yana ta maimaita layukansa uku. Wajen ƙarfe biyu baƙin suka sauko, aka tare su da lema, suka ɗaga wa jama'a hannu daga nesa, suka shige motoci masu baƙin gilashi. Jiniya ta yi gaba da su. Ba wanda ya matso kusa da mutanen Annobon, balle a ji wane yare suke yi.

Ayingono ta zo kamar za ta yi kuka. "Papa, ka yafe mini. Da na san haka ne..."

"An ƙirga mu?"

"An ƙirga. Maigida ya ce na yi ƙoƙari."

"To ai shi ke nan. Tsaya, na sha wahalar haddar nan, sai wani ya ji ta."

Ya cire hula, ya gyara tsayuwa, ya yi mata barka da zuwa ƙasarta da harshen Fotugal, tiryan-tiryan, bai ci ko harafi ba. Sauran suka tafa, aka raba musu burodi da kifin gwangwani, aka mayar da su gida.

Ma Puri ba ta samu jirgin dawowa da wuri ba, haka tafiyar Annobon take. Pa Nino ya koyi dafa wa kansa gwaza, ya ƙona tukunya biyu. Waya ba kullum take shiga tsibirin ba. Ya dai ji cewa sun isa, wai ta sauka da rarrafe tana rantsuwar ba ita ba teku, wai kuma ita da Tika sun yi faɗa a kan gishirin miya tun kwana na biyu, da guntun Sifaniyanci da nuni da hannu, sun kuma shirya.

Wata rana cikin watan sha biyu, rana ta take a Malabo, ko gajimare babu, yana kwance wani inji wayarsa ta yi ƙara. Ya danna da gwiwar yatsa ya maƙale ta a kafaɗa. Muryar Tika ce, da yarensu.

"Nino, kai ne ka aiko mini da wannan masifa?"

"Yaya, lafiya? Wani abu ya samu Puri? Ko kwanon bai isa ba?"

"Matarka na nan tana cinye mini kifi. Kwano ya isa har an rufe madafa. Amma mutum ba ya jin maganar kansa a gidan nan. Yi shiru mana, kullum bakinka ba ya hutawa. Saurara."

Ya yi shiru. Ta ɗaga wayar sama. Ruwa ne ake tafkawa a Pale, yana dukan sabon kwano, ƙara mai cika kunne, ba tsayawa.

Wani masunci da ke jiran injinsa ya fara magana, Pa Nino ya ɗaga masa hannu. Ya ajiye sifana, ya zauna a kan juyayyen kwalekwale cikin zafin rana, ya danna wayar a kunne da hannu biyu. Ba su sake cewa komai ba, shi da ita, har layin ya yanke.