Fuskar Yumɓu da Na Shanya a Rana

A farkon shekarun casa'in ni magini ne a Konni, shekarata talatin da 'yan kai, ina ji da kaina a aikin ƙasa. Maƙwabcina wani Bature ne ɗan ƙasar Kuroshiya. Aikin siminti a Malbaza ya kawo shi, daga baya ya koma koyar da zane a lakwal, wato makarantar boko, a gida kuma yana ƙera siffofi da yumɓu. 'Yan unguwa kan ce mushe, wato malamin, gumaka yake yi, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce bai taɓa roƙonsu ko goro ba.

Shekarar da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu, wasiƙa ta zo cewa tsohuwarsa ta rasu, gidansu ya ƙone har da hotunanta. Sai ya ɗauki yumɓu ya fara fitar da fuskarta da ka. Wata biyu yana yi. Da tafiya Yamai ta kama shi, ya ba ni makulli, ya ce kullum in jiƙa buhun da ya rufe fuskar da shi, kada ta bushe, don bai gama ba.

Na ce to, amma a raina na ce wannan bai san ƙasarmu ba. Wa ya taɓa ganin tubali ya yi ƙwari cikin jiƙaƙƙen buhu? Na ɗauko ta na shanya a rana, wai taimako. Ashe gyaran gangar Auzinawa na yi. Kwana biyu ta tsage daga goshi har haɓa, bakin ya zube. Da ya dawo na ce akuya ce ta ture ta. Ya daɗe yana kallon tsagar, bai ce ƙarya nake ba. Sau uku ya sake gwadawa. Daga baya ya gaya mini idanun suna fitowa, amma bakin ya ƙi, ya manta yadda take murmushi.

Har ya bar Konni ban faɗa masa gaskiya ba, kuma abin yana cina. Sanin tubali ba sanin komai ba ne. Duk wanda aka bar wa amana ya yi yadda mai ita ya ce, ko yana ganin ya fi shi sani. In kuma ya ɓata, ya faɗa tun mai ita yana kusa. Ni yau ban san ma ko yana da rai ba.