Mustapha Ɗan Rakiyar Masar

Duk wanda ya zauna a Yelwa ya san Mustapha na gidan Baƙo mai haɗa jirgin ruwa, in bai san sunansa ba ya san karin hularsa. Yayarsa Zulai'atu kuwa ta san shi fiye da yadda take so. Ita ta goya shi bayan rasuwar innarsu, ita ta tauna masa abinci, kuma har ya haura hamsin daga tukunyarta yake ci.

Mahaifinsu ya ƙare rayuwarsa a bakin kogin Kwara, yana jera katako yana buga ƙusa, jiragensa har Wara ake zuwa saye. Da aka miƙa wa Mustapha guduma ya ce hannunsa na biro ne. Aka kai shi makaranta, ya tsaya a aji uku na sakandare ya ce malaman ba su kai shi Turanci ba. Ya hau kabu-kabu, ya sauka don rana tana ɓata masa fata. Ya buɗe rumfar cajin waya, wayoyin mutane suka riƙa ƙonewa. Sana'ar da ya fi daɗewa a kanta ita ce riƙe wa 'yan takarar kansila jaka, duk wanda ya faɗi, sai Mustapha ya koma bayan wanda ya ci. Mata biyu ya aura, kowacce da ƙafarta ta koma gidansu, babu wadda aka je bikonta.

Zulai'atu bandar kifi take yi. Hayaƙin shekaru da tsufa suka taru a idonta, yanar ido ta rufe na dama, na hagu ma ya fara dishi-dishi, har ta kai ga tana gane mutane da murya. Ɗiyarta Mardiya, wadda ke aikin jinya a Abuja, ita da mijinta suka shirya a kai ta Alƙahira a yi mata aiki. Suka kuma ce tunda tsohuwa ba ta taɓa wuce Sakkwato ba, in ido ya buɗe a sa ta cikin masu yawon buɗe ido, ta zagaya ƙasar kafin ta dawo. Sai dai Mardiya cikinta ya tsufa, ba halin hawa jirgi. Kafin a gama tambayar wa zai yi rakiya, Mustapha ya riga ya kai ɗinkin sababbin kaftani.

"Kawu, maganin ɗigawa dai, kada a ƙetare lokacinsa," in ji Mardiya a filin jirgi.

"Ke Mardiya, ni za ki koya wa? Yaya ce fa. Inna ce a wurina."

Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire mata bandeji, abin da Zulai'atu ta fara gani tangaran shi ne ƙanenta, zaune a gefen gadonta yana cin abincin da asibiti suka kawo mata. Ta daɗe rabonta da ganin fuskar nan sosai. Ashe ya yi tumbi. Ashe rina gashin baki yake yi, baƙin har ya zarce ya kama fatar leɓensa. Ta dube shi, ta dubi farantin, ta ce alhamdu lillahi.

Bayan ta huta likita ya ba da izini, da sharaɗin kada ta fita rana ba tare da baƙin tabarau ba. Suka shiga bas tare da wasu 'yan Najeriya, yawanci mutanen Kano da Kaduna. Jagoransu Malam Bello ne, wani Bazazzagi da ya je karatu ya zauna can da iyalinsa, shi yake mayar musu da bayani Hausa. Tun kafin bas ta bar cikin gari Mustapha ya tashi daga kusa da yayarsa ya koma gaba. Daga inda take ta ji yana gaya wa wani sunansa Ciyaman. Ciyaman na mene ne, bai faɗa ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Da suka isa gaban dalar Giza, Zulai'atu ta ɗaga kai har mayafinta ya zame. Kowane dutse ɗaya ya kusa kai ta tsawo, ga su nan an ɗora wani kan wani har sama. Tana cikin tasbihi ta ji muryarsa a bayanta yana cewa shi wannan bai burge shi ba, tarin duwatsu ne kawai, wanda ya ga Dubai ba zai tsaya kallon wannan ba. Mutumin da ko Legas bai taɓa takawa ba. Sai kuma ya matso ya rage murya.

"Yaya, ara mini tabaraun nan in ɗauki hoto ɗaya."

Hoto ɗaya ya zama yawo. Ya hau raƙumi da tabarau, raƙumin ya miƙe da ƙafafun baya, Ciyaman ya rungume doron yana kiran sunan Inna da ta rasu tun yana jariri. Da aka sauke shi ya gyara hula ya sa aka sake ɗaukar bidiyon daga farko. Ita kuwa tana tsugune a inuwar bas, ta rufe fuska da mayafi, idon yana zubar da ruwa. Malam Bello ne ya lura, ya je ya karɓo mata abinta. Daga ranar ta koyi ɗiga wa kanta magani a gaban madubi.

Cikin tawagar akwai Hajiya Nusaiba, mai sayar da atamfa da leshi a Kaduna, mijinta ya rasu, mace mai fara'a da saurin yarda. Tun a jirgin ƙasan da ya kai su Luksor Mustapha ya zama mai riƙe mata jaka, aikin da dama ya ƙware a kai. A Luksor aka shiga da su kaburburan da aka fafe cikin dutse, bango duk zane, launin kamar jiya aka shafa. A ɗaya daga ciki Zulai'atu ta ga an zana mutane a jirgi suna jan taru, wasu a gefe suna fede kifi. Ta daɗe a tsaye a wurin, ta juya don ta nuna wa ɗan Baƙo, sai ta tuna bai shigo ba. Yana waje a rumfar masu lemo, yana ba Hajiya labarin kansa.

Daga nan suka hau wani babban jirgin ruwa mai bene, wanda ake kwana a ciki, suka bi Nilu zuwa Aswan. Wata safiya Zulai'atu tana zaune a sama tana kallon dabino da gonakin rake suna wucewa, Hajiya Nusaiba ta jawo kujera kusa da ita, ta miƙa mata shayi.

"Baba, ya idon?"

"Da sauƙi, Hajiya, an gode Allah."

"Ai ki gode wa Allah, ki gode wa Ciyaman. Wallahi ya ba ni labari har na yi ƙwalla. A wannan zamanin wa zai tuna da 'yar aikin mahaifiyarsa, ya ɗauko ta tun daga ƙauye ya kawo ta Masar a yi mata ido?"

Zulai'atu ta kurɓi shayin. Ta ji zafinsa ya bi maƙogwaronta har ciki. Ta yi tunanin ta buɗe baki, sai ta ga in ta tona shi a nan, gaban baƙi, a ƙasar mutane, sunan gidan Baƙo ne zai sha dariya har Kano. Ga fasfo ɗinta a aljihunsa.

"Haka ne, Hajiya," ta ce. "Allah shi saka wa kowa da abin da ya yi."

Ta tare shi a bakin matakala yana fitowa daga ɗakin cin abinci, aljihun kaftaninsa ya kumbura da dafaffen ƙwai.

"Mustapha, ni ce 'yar aikin Inna?"

Ya waiga hagu da dama. "Haba Yaya, maganar tafiya ce. Nan ba Yelwa ba ne, sai mutum ya ɗan ɗaga kansa ake ganin girmansa. Kuma in aurena da Hajiya ya yiwu, ai har ke za ki ji daɗi."

"Ba ni fasfo ɗina."

Ya ba ta. Ta ɗaure shi a bakin zane ta wuce. Ta yi zaton za ta yi kuka, sai ta tarar babu kukan. Abin da take ji ya fi kama da abin da takan ji in ta buɗe kwando ta tarar kifi ya yi tsutsa.

Aswan ta shiga ranta. Kogi ya rarrabu tsakanin baƙaƙen duwatsu da ƙananan tsibirai, ruwa garau, bayan gaɓa kuma yashi ja har iyakar gani. Shi kuwa Ciyaman yana nuna wa Hajiya jiragen da ke wucewa yana cewa nasa na tafkin Kainji sun fi waɗannan, akwai masu ɗaukar shanu, akwai masu ɗaukar mutane, ga gidan hutawa da yake ginawa a bakin ruwa. Ranar da za a kai su Abu Simbel, inda aka sassaƙa manyan sarakuna a jikin dutse suna zaune suna fuskantar tafki, cikinsa ya ɓaci saboda haɗama. Tawaga ta tafi ta dawo yana tsakanin gado da bayi. Washegari ya sami wani babban hoton wurin a bangon otal, ya tsaya a gabansa ya sa ma'aikaci ya ɗauke shi.

Da suka dawo Yelwa, majalisar bakin tasha ta sha labari. Ya riƙa yawo da jallabiya, in an ba shi shayi ya yi godiya da Larabci. Ya ce ya shiga cikin dala har ɗakin Fir'auna, ya ce Larabawa sun roƙe shi ya zauna ya ƙi saboda Yaya. Hoton bangon otal ya zagaya wayoyin gari. Kullum da la'asar yakan keɓe bayan masallaci yana waya ƙasa-ƙasa yana dariya.

Abin da bai lissafa ba shi ne Hajiya Nusaiba tana da wa, Alhaji Abubakar, wanda ba ya ba da ƙanwa a kan hoto. Wata ranar kasuwa, bayan damina ta ɗauke, mota ta tsaya a tasha, aka tambayi gidan Ciyaman Mustapha mai jirage. 'Yan kabu-kabu suka dubi juna. Da aka nuna musu hoton raƙumi, ɗaya ya kwanta a kan babur ɗinsa don dariya, sannan ya ce su biyo shi.

Mustapha yana zaure yana cin tuwo ya hango motar ta shawo kwana, ya gane mai zama a baya. Ya bi ta cikin gida, ya taka buhun gawayi, ya haura katangar baya da jallabiyarsa. Kafin baƙi su gama sallama ya kama hanyar Shanga a bayan babur.

Zulai'atu ta fito daga wurin banda tana goge hannu. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa.

"Baba, ashe nan kike," in ji Hajiya. "Gidan Ciyaman muke nema."

"Kun iso. Ga ɗakinsa can, mai labulen buhu."

Alhaji Abubakar ya gyara zama. "Jiragen fa, Baba?"

"Babanmu dai ya haɗa jirage, Allah shi jiƙansa. Mustapha ko filafilin tuƙi bai mallaka ba."

"Babanku?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni na goya shi. Kuɗin idona kuma ɗiyata ta biya."

Hajiya Nusaiba ta sa mayafi ta rufe fuska. Can ta sauka daga tabarma ta durƙusa a ƙasa, ta ce Yaya ki yafe mini, da bakina na kira ki 'yar aiki. Zulai'atu ta ɗago ta, ta ce ba ita ta yi laifi ba. Ta hana su tafiya sai da suka ci tuwon shinkafa da miyar kifi, ta cika musu kwali da banda, ta raka su har mota. A bakin ƙofa Alhaji ya ce Allah ya ba ta haƙuri.

Mustapha ya yi makonni a Shanga wurin wani abokinsa mai facin taya. Da ya dawo ya shaida wa majalisa cewa shi ya fasa, don da ya duba da kyau matar ta girme masa. Ba wanda ya musa, ba wanda ya yarda. Sunan Ciyaman dai ya bi shi, yara ma da shi suke kiransa, shi kuma yana amsawa yana ɗaga hannu. Rinin gashin baki ya daina kamawa sosai. Yanzu cewa yake Turkiyya zai nufa, ana shirya masa takardu.

Zulai'atu ba ta kore shi ba, ba ta kuma sake yi masa faɗa ba. In ya gaishe ta takan amsa ba tare da ta ɗago daga aikinta ba. Da Mardiya ta zo hutun sallah da 'ya'yanta, suka kewaye kakarsu suna son labarin Masar. Ta ba su na duwatsun dala, da na masunta da aka zana a bangon kabari, da na jirgin da ke da bene da gadaje a cikinsa. Babbar ta tambaye ta da wa ta je.

"Ni kaɗai na je," in ji Zulai'atu, ta ci gaba da juya kifinta a kan wayar banda.