Harsashin da Baba Ya Zaɓa wa Auta

Na kai shekara arba'in da takwas ina da yaƙinin cewa mahaifina ya kai ni makarantar boko ne saboda ya ga na fi sauran 'ya'yansa kaifin ƙwaƙwalwa. Ban taɓa jin haka daga bakinsa ba. Ni ne ɗan fari, Baba kuwa mutumin da ne, bai taɓa kama sunana ba, bai taɓa zama ya yi doguwar hira da ni ba. Idan maganata ta taso sai ya ce "wancan", ko ya ce wa ƙannena "yayanku". Na ɗauki wannan a matsayin alkunya, sannan na gina wa kaina bayani a ƙarƙashinta: maharbi ne, ya san wahalar daji, shi ya sa ya tsame ɗan da ya fi so daga cikinta. Da wannan bayanin na yi digiri biyu, na koyar da injiniyanci shekara ashirin, har aka turo ni Kuala Lumpur neman digiri na uku a shekarun da tsararrakina ke aurar da 'ya'ya. Kowace sabuwar shekarar karatu nakan ba ɗalibaina labarin, cewa maharbin da bai san bihim ba ya hango abin da ke kan ɗansa.

Da annoba ta zo aka kulle gari, muna zaune a wani gida mai ɗaki biyu a hawa na goma sha huɗu a unguwar Cheras, ni da matata da yara uku. An rufe ɗakin gwajin da nake aiki. Ni kaɗai ke fita cefane, in tsaya a layi a auna zafin goshina, in sa a ƙunsa mini gurasar da suke kira roti a shagon abincin Indiyawa Musulmi, in komo. Yadin da na saya wa Baba a titin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman don ɗinkin Salla yana cikin akwati, babu mai tafiya gida balle a ba shi saƙo.

A wannan zaman ne ƙanwarmu ta tsara mana kiran bidiyo kowace Lahadi. Takan jingina wayarta da kwanon sha a gaban Baba da hantsi, lokacin mu nan la'asar ta kusa, shi kuma autanmu ya idar da sallar isha a Niyuzilan. Auta bai yi boko ba, sai yaƙi da jahilci. Tun yana ɗan shekara goma yake bin Baba daji, daga baya ya koyi fawa, wata hanya ta buɗe masa ya tafi can yana yanka a masana'antar nama. Ya daɗe, ya samu takardar zama, har da izinin riƙe bindiga.

Wata Lahadi bayan gaisuwa Auta ya ce, "Baba, na ba da aikin bindiga. Maƙeri zai haɗa mini ita daidai tsawon hannuna, ta harbin nesa. Barewar nan ta kai maraƙi girma, kuma a kan duwatsu take, daga wannan tsauni kake hango ta a wancan."

Ya yi bayani cewa maƙerin ya dakata yana jiran amsa guda. Sai an zaɓi harsashin da bindigar za ta ci kafin a huda mazauninsa a cikin bututu, kuma da zarar an huda shi ke nan, da wannan harsashin za ta rayu. Biyu ne suka tsaya masa a rai: wani siriri mai kaurin milimita shida da rabi, da wani babba mai cin albarushi da yawa.

Baba, wanda tun da aka fara kiran amsarsa ba ta wuce "lafiya lau" da "madalla", sai ya gyara zama ya matso da fuskarsa har hularsa ta fita daga hoton.

"Kai ja'iri, nisan nawa? Kamar daga masallaci zuwa rijiyar kasuwa?"

"Ya fi, Baba. Kamar zuwa maƙabarta."

"Ƙarya kake yi. Ko kura ba a hangowa daga nan."

"Da madubin hango nesa a kan bindigar, Baba. Har ƙudan da ke kunnenta za ka gani."

"To ƙudan za ka harba ko barewar?"

Suka yi dariya. Sa'a guda suna magana a kan iska, da inda ake sa wa dabba harsashi, da wata gada da ta taɓa wahalar da su a fadama. Ni ina ƙuryar allo, kamar hoton fasfo da aka manna. Ban taɓa ganin haƙoran Baba na tsawon wannan lokaci ba.

Na so in kira abin da na ji da suna mai sauƙi, kewar gida ko gajiyar kulle. Ƙyashi ne. Ban yi ƙyashin bindigar ba, domin a ƙasar da nake ko ƙwanson harsashi ba na fatan a gani a hannuna. "Kai ja'iri" ɗin nan na yi wa ƙyashi. Ina da furfura a gemu, ina zaune ina jin zafin ba a taɓa zagina haka ba.

Sai na yi abin da na iya. Na ajiye babin da malamina ke jira, na shiga lissafi. Mako uku ina bin nauyin kowane harsashi, da saurin fitarsa, da yadda yake sunkuyawa bayan mita ɗari biyar, da yadda iskar gefe ke ture shi, da ƙarfin da ya rage masa idan ya isa. Na zana jadawali, na ja layuka masu launi. Matata ta leƙo wata rana da rana tsaka ta ce, "Malam, yaushe aka sauya maka taken bincike?" Na ce taimakon ɗan'uwa nake yi. Ta dube ni, ta ɗauke kofin shayin ta fita. Ta san Auta bai roƙe ni ba. Ni ma na sani. So nake Baba ya ga cewa ko a cikin dajinsa, bokon da ya zaɓa mini ya fi ƙafar da ya ba Auta.

Lissafi ya ba babban harsashi gaskiya. Na tura wa Auta shafi goma sha ɗaya, ranar Lahadi kuma na nemi a ba ni dama. Na yi magana kusan minti ashirin, ina fassara komai da Hausar da Baba zai gane. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama, bai dube ni ba, Auta ya duba, kamar yadda ya saba.

"Tambayi yayanka, wanne ya fi dukan kafaɗa?"

Amsar tana shafi na tara, a ƙasa, da ƙananan haruffa. Na ce, "Babban, Baba. Ya kusa ninka ƙaramin."

"To ɗauki ƙaramin."

Na fara cewa a irin wannan nisa ƙarfin da ke isa ga dabba shi ne abin dubawa. Baba ya ɗaga hannu.

"Auta, bindigar da ke dukan mai ita tana koya masa rufe ido. Yau ta doke ka, gobe ta doke ka, jibi tun kafin ka taɓa kunama idonka ya rufe, kai ba ka sani ba. Sai ka fasa wa baiwar Allah ciki ta tafi ta mutu a inda ba mai yanka ta. In ta yi maka nisa, ba ƙafa gare ka ba? Matsa."

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. Amma hira ta yi masa daɗi, sai ya ci gaba, yana murmushi, ba tare da nufin komai ba.

"Kuma wani da shi ake haifarsa, ba ya jin magani. Ka ga yayanka. Yana shekara bakwai na kai shi bayan gari, na ɗura rabin awon albarushi a bindigar toka, na kafa masa sakaina a kan suri. Sau uku yana harbi, sau uku ido biyu a rufe. Na dawo na ce wa mahaifiyarku wannan ba na daji ba ne. Lokacin kuwa hedimasta ya dame ni, wai kowane gida sai an ba da yaro ɗaya. Na ce to ga shi." Ya yi dariya. "Ga shi kuwa abin ya karɓe shi."

Ina tune da ranar. Ina tune da ƙaurin albarushi, da yadda kunnena ya yi ta ƙara, da yadda Baba ya saɓa bindiga muka komo gida bai ce uffan ba. Shekara arba'in ina ajiye da wannan shirun a matsayin yabo irin na uba ga ɗan fari. Ban san na rufe ido ba.

Auta ya yi saurin cewa, "Yaya, ai gara da aka kai ka. Da ni aka kai, da tun aji uku an koro ni." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma ita ta fi yi mini ciwo, domin wanda aka zaɓa ne kaɗai ke da sararin yin irin wannan kirki. Kafin a kashe waya Baba ya ce wa ƙanwarmu ta nemo ɗan ƙahon da yake awon albarushi da shi, ta adana wa Auta har a buɗe hanya.

Na daɗe zaune a falo bayan an gama. Na tambayi kaina ko Baba ya yi mini laifi, ban samu laifin ba. Ya duba ɗansa, ya ga abin da ba zai iya ba, ya kai shi inda zai iya. Ko ni abin da nake yi wa ɗalibai ke nan. Duk da haka da za a ba ni zaɓi a wannan yammacin tsakanin digirin da nake nema da ɗan ƙahon nan, ban tabbata abin da zan ɗauka ba, kuma ina jin kunyar rashin tabbacin.

Na ba matata labari ina sa ran ta ce tsufa ne ya sa Baba ruɗewa. Sai ta ce, "Ai har yanzu kana yi. Ko murfin tukunya ya faɗi sai ka runtse." Ta ga fuskata, ta ƙara da cewa, "Ni dai ban auri maharbi ba, kuma ban yi nadama ba."

Auta ya sa an huda bindigar a kan ƙaramin harsashi. Bayan wata bakwai ya turo hoton barewa kwance a kan ciyawa, ya ce sai da ya yi rarrafe ya rage nisan da rabi. Baba ya sa an nuna masa hoton sau da yawa. Ni ma na rubuta wa Auta barka, na goge, na sake rubutawa, sannan na tura.

Na kammala karatu na koma bakin aikina bayan an buɗe hanya. Na kai wa Baba yadinsa, ya sa albarka ta bakin ƙanwarmu. Tun daga lokacin ban sake ba ɗalibaina labarin yadda aka kai ni makaranta ba.