Bedin Malam Na-Gandu da Bangon Hajiya Rabi

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, wanda mutanen unguwarmu a nan bayan Ƙofar Marusa suke kira Malam Na-Gandu. Sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba yana da rai, ba kuwa zan fara yau ba don magana za ta shiga jarida. Ni ban yi boko ba. Ɗiyata ce ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce in ta gama ta karanta mini, kada ta ƙara nata.

Duk shekara in watan nan ya zagayo, abinci muke dafawa a raba, a yi masa addu'a, shi ke nan. Bana na ce sai na yi magana, domin bana ne na sa aka sare bedin da ya shuka da hannunsa a ƙofar gidanmu. Gara mutane su ji yadda aka yi daga bakina.

Malam lebura ne a gandun daji tun yana saurayi har ya yi ritaya. Aikinsa renon 'yan itatuwa a leda, ya yi ta ba su ruwa har su isa dashe. Da ya dawo gida ya zauna, mai unguwa na lokacin ya ga ba wanda ya fi shi sanin icce, sai ya ɗora masa maganar itatuwan unguwa. Dama akwai dokar hukuma, cewa kafin ka sare icce a bakin hanya sai ka karɓo takarda. Malam bai raina takardar ba, amma ya ce bai taɓa ganin wanda ya sha inuwa a ƙarƙashinta ba. Shi ya sa wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, magidanta suka zauna a zauren mai unguwa suka yarda da tasa dokar. Duk mai son sare icce a layi ko a ƙofar gida, ko da shi ya shuka abinsa, sai ya fara shuka biyu. Ba zai ɗora gatari ba sai biyun nan sun ƙetare rani guda da ransu, mai unguwa da maƙwabta biyu sun gani da idonsu. In iska ce ta kayar da icce, ko ya bushe don kansa, wannan daban.

An yi masa gardama a kan shuka kafin sara. Wasu suka ce a bar mutum ya sare, ya yi alkawarin shukawa daga baya. Malam ya ce wanda ya riga ya sami abin da yake so, me zai tashe shi da buta cikin zafin Afrilu? Amma wanda gininsa ke jira, shi ne zai fi kowa kula da ɗan iccen. Yana kuma da dabararsa ta wurin shuka. Ba ya cewa a haƙa rami sai ya tsaya ya ga inda mutane suka saba tsugunawa su yi alwala. Nan yake nunawa. Icce ya sha ruwa sau biyar a yini ba tare da an roƙi kowa ba.

Yadda na shiga cikin aikin nan kuwa, Alhaji Mamman mai shagon yadi ne sanadi. Yana so ya faɗaɗa shago, bedi ya tare masa gaba. Ya sa leburori suka shuka biyu a gefen hanya, aka kewaye su da ƙaya, kullum ana zuba ruwa, amma ganye sai rawaya yake yi. Malam ya ce ko gara ce. Ni kuwa ina wucewa za ni barkar haihuwa, na hango wani baƙin abu ya leƙo daga ƙasa. Na sa sanda na tona. Ashe da ledarsu aka binne su, saiwa tana ta nannaɗewa a ciki ba hanyar fita. Na tsaya a bakin shagon na yi sallama.

"Alhaji, icce ka shuka ko ajiya ka yi?"

Ya fito ya duba, ya riƙe baki. "Hajiya, ai na zaci ledar ruɓewa take yi."

"Ta gidanka ta taɓa ruɓewa?"

Ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya sake shuka wasu, ya jira shekara guda cur. Daga baya ya zama shi ne ya fi kowa tsanani a kan dokar, don ya ce ba zai yarda a ce shi kaɗai ya jira ba. Tun ranar aka sa mini suna 'yar sandan bedi. Malam yana duba na waje, ni ina shiga gidaje in ga wadda ta saki akuya, da wadda ke zuba ruwan omo a gindin shuka. Bayan rasuwarsa ma, mai son sara wurina ake turo shi tukuna.

Nakan zauna in ce, da Malam zai leƙo Katsina yau, me zai ce? Na san zai ɓata rai in ya ga yadda ake malala siminti har wuyan icce, ba a bar masa ko tafin hannu na shan ruwa ba. Zai tsorata da injin yanka, wanda kafin ka gama shan koko ya kwantar da abin da ya yi shekara arba'in yana girma. A zamaninsa masu gatari sukan yini, kafin su gama wani ya zo ya hana. Amma zai yi murna in ya bi layinmu daga masallaci har bakin titi ba tare da rana ta taɓa masa hula ba. Zai ga masu keke napep daga wasu unguwanni suna karkatowa nan da azahar don su huta, mai shayi da mai gyaran takalmi kowa ya kama gindin icce guda. Ɗana yana kai ni GRA wani lokaci in ga likita, in dawo in ce masa inuwar layinmu ba ta jin kunyar tasu.

To, ga abin da ya same ni. Bara, ana gab da faɗuwar damina, maƙwabciyata Hajiya Rabi ta aiko in zo. Bangonmu ɗaya da ita, ita ma mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk suna Kaduna. Ta nuna mini tsaga a bangon ɗakin da take kwana, daga ƙasa har kusa da rufi, yatsa yana shiga. Aka kira magini ya haƙa, sai ga saiwar bedin Malam, kaurinta ya kai cinyar mutum, ta kutsa ƙarƙashin harsashin ginin. Magini ya ce bangon nan da wuya ya ga ƙarshen damina, gyara kuma ba ya yiwuwa sai an cire iccen. In aka datse saiwar kaɗai, ranar da iska ta taso a kan hanya zai faɗo.

Mai unguwa na yanzu, ɗan wancan na da, ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni.

"Inna, wannan lalura ce. Ki ba da izini a sare gobe, ni zan karɓo takarda. Shukar a yi daga baya, ba wanda zai ce uffan."

Na ɗaga kai na dubi waɗanda suka rako shi. Akwai wanda na sa ya jira shekara kafin ya buɗe gareji. Akwai wanda aurensa ya zo bai gama ɗaki ba saboda ni. Na san idanun nan. In na ce to, jibi bangon kowa zai tsage, kowa zai zo da lalurarsa, dokar Malam ta bi shi kabari. In kuma na ce a'a, Rabi ce za ta kwanta kullum a ƙarƙashin bangon da ke shirin faɗo mata. Na ce masa ya ba ni zuwa gobe.

Da gari ya waye na shiga gidanta da surukaina biyu, na ce su fara da gado.

"Yaya, lafiya? Ƙwace kuka zo yi?"

"Tashi, kin koma gidana. Ɗakin Malam yana nan a share."

"Har yaushe?"

"Har icce biyu su ci rani."

Ta dube ni ta dubi gadonta yana fita ta ƙofa. "Wato ni aka ba da jingina saboda bedi."

"In kin fi son bango ya zama bargonki, zauna."

Ta ɗauki rediyonta da butarta ta biyo ni tana mita.

A makon nan na shuka biyuna. Bedi ɗaya a wurin alwala na masallaci, maɗaci ɗaya kusa da famfon ƙarshen layi. Na kuma aika wa magidanta cewa a ƙara abu guda a doka: kada a sake dasa bedi sai an auna taku goma daga bangon kowa. Malam ya yi kuskure da ya kafa nasa a jikin gini. Da yana nan da na faɗa masa a fuskarsa, shi ma ya san haka.

Zama da Rabi kuwa, sai wanda ya gani. Ni mutum ce mai son kowane abu a wurinsa. Ita tana ajiye ludayi a cikin kwandon zare. Tana ƙure rediyo, tana amsa wa mai labarai kamar yana jinta. Miyarta yaji, tawa ta ce ta marasa lafiya ce. Ranar farko muka yi faɗa a kan tsintsiya, rana ta biyu a kan wa ya bar buta ba ruwa. Amma tun da Malam ya rasu ban yi dariya irin ta watannin nan ba. Ta san labarin kowa tun daga kakanninsa, tana kwaikwayon tafiyar mutane, har tawa, a gabana.

Wata la'asar cikin Agusta ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, muna zaune muna ɓarar gyaɗa, muka ji rugum. Rabin bangon ya zube daidai inda gadonta yake a da. Muka tsaya a ƙofa muna kallo. Can ta ce, "Yaya, miyarki ba ta da laifi." Muka koma muka ci gaba da gyaɗarmu.

Bayan wannan mutane suka ce to yanzu kam a sare. Ɗana ma ya ce taurin kai ne. Ba zan ɓoye ba, ni kaina ban tabbata ba. Wataƙila da Malam ne da ya sassauta, don ya fi ni taushin zuciya nesa ba kusa ba. Amma ba ran kowa a cikin hatsari kuma, abin da ya rage haƙuri ne, shi kuwa na sa mutane da yawa sun yi shi. Na ce a jira rani.

Ranin ya kusa ƙarewa sai aka zo aka ce mini akuya ta ture kewayen maɗacin ta cinye shi, saura tsinke. Na ɗaura mayafi na fita da niyyar in ga mai akuyar nan. Na tarar da akuyar a tsaye tana tuƙa, da jan ƙyallen da na ɗaura mata a wuya da hannuna. Rabi ta biyo ni, ta kalli akuya ta kalle ni.

"'Yar sanda, ashe ɓarawon a gidanki yake kwana."

Layin nan kaf an yi mako ana dariyata, na kuwa cancanta. Amma in maɗacin ya mutu, sabuwar shuka ke nan da sabuwar shekara, gidan Rabi yana buɗe ga wata damina. Ita ta ɗauki aikin. Safe da yamma tana tafe da butarta tana ɗingishi, ta sa aka kewaye shi da tsohon kwando da waya. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce tana neman hanyar fita daga kurkuku ne. Bayan mako uku ya fitar da jajayen toho guda huɗu. Ranar ce ta gaya mini, muna dawowa, cewa sau biyu tana tsayawa da butar a hannu tana tunanin ta juya da ruwanta, ta bar maɗacin ya mutu. Na ce don me? Ta ce gidanta shiru ya yi yawa. Ni ma abin da ke raina ke nan.

Da ruwan farko ya sauka bana, mai unguwa ya zo da maƙwabta biyu da ma'aikacin gandun daji. Suka duba bedin masallaci, ya kai kafaɗata. Suka duba maɗaci, gajere ne amma kore shar. Aka ba da takarda. Ranar saran surukaina suka ce in shiga ciki kada in gani. Na sa aka fito mini da kujera. Na kalli yadda aka fara da rassa, aka sauke shi gaɓa-gaɓa, aka tone gindin har saiwar da ta yi ɓarna. Na yi hawaye kaɗan, ba da yawa ba. Itacen aka raba wa gidajen layi, kowa ya dafa abinci da shi.

Yanzu ƙofar gidanmu rana ce tun hantsi, har yau in na fito sai idona ya nemi inuwar da babu. Na daɗe ina zaton bedin nan shi ne abin da Malam ya bar mini, shi ya sa ko reshe ban bari a karya. An sare shi, ban ji Malam ya yi nisa ba. Abin da ya bari yana wurin mutanen da suka ga matarsa ta jira shekara kamar kowa, ba kuwa wanda ya sake zuwa mini da maganar a sare yau a shuka gobe.

Da magini ya zo tayar da bangon Rabi, na ce masa ya dakata. Na nuna masa daidai inda saiwar ta ratsa daga gidana zuwa nata, na ce nan ya bar ƙofa. Ya ce ƙofa tsakanin gida biyu? Na ce kai dai auna faɗin mace ɗaya da kwanon miya. Rabi ta koma ɗakinta da gadonta da rediyonta. Ƙofar ba ta da ƙyaure, ba mu kuma da niyyar sa mata.

Allah ya jiƙan Malam, ya yalwata masa makwanci, ya sanya shi a inuwar da ba a sarewa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.